Fasa falo ko gyara shi a tsaye: wace hanya ce ta fi kai mutum ga ɗakin da zai ji daɗin zama?

Mutum biyu za su iya gundura da falonsu a rana ɗaya, kowa ya kama hanyarsa. Na farko ya kira birkila da mai tayil da mai silin, a fitar da kaya waje, a fasa daɓe, a sauke rufi, a yi makonni ana shaƙar ƙura. Na biyu ko guduma bai taɓa ba. Ƙwayayen fitila ya canza, ya sake fenti, ya shimfiɗa kafet, ya rataya labule mai kauri, ya juya kujeru. Dukansu abu ɗaya suke nema: ɗakin da in an zauna ba a son tashi, wanda kuma baƙo zai gane na wane ne ko da mai shi ba ya nan.

Ni dai a ganina hanya ta biyu ce ta fi kai mutum can a yawancin gidaje, kuma da sauri. Amma akwai falon da ba abin da zai cece shi sai guduma, kuma gara a gane shi tun kafin a sayi gwangwanin fenti ko ɗaya.

Falon da sai an fasa

Abu uku ne suke wajabta babban aiki: laima a bango, tsohuwar wayar lantarki, da daɓen da ya mutu.

Laima ta fi sauran ha'inci, domin sabon fenti yana rufa mata asiri na 'yan watanni, daga nan ya kumbura ya fara ɓarewa, warin ya dawo. Akwai gwaji mai sauƙi. A yanko leda mai faɗin tafin hannu biyu, a manna a bangon da ake zargi, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu. In aka ɗaga aka tarar da jiƙa a fuskar da ke manne da bango, to ruwan daga cikin ginin yake fitowa, ko bututu ne ke yoyo, ko rufi, ko kuma daga ƙasa yake tsattsafowa sama. Wannan aikin magini ne da mai famfo. In kuwa raɓar a fuskar da ke kallon ɗaki take, iska ce ba ta zagayawa, maganinta buɗe taga da matsar da kabad daga jikin bango. Ba sai an fasa komai ba.

Tayil kuma a bi shi da makulli ana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi amon fanko ya rabu da simintin da ke ƙarƙashinsa. In ɗaya ne ko biyu, sai a cire su a mayar. In rabin ɗaki ne, faci ɓarnar kuɗi ce kawai. Waya ita ce ba a wasa da ita: soket mai ɗumi, ƙauri a jikin makunni, ko wuta tana katsewa da zarar an haɗa kaya biyu ko uku, duk alamu ne na a kira ƙwararre tun kafin a yi maganar ado.

Wanda ya faɗa cikin waɗannan ba zaɓi ne a gabansa ba, tsari ne. Aiki daga sama yake saukowa: waya da bututu, silin, bango, daɓe, sannan kaya. Kuma tun ran gini tun ran zane. Tunda an riga an tsaga bango, a ƙara soket a duk kusurwar da ake tunanin fitila za ta tsaya, a raba makunni ta yadda ba dole ne duk fitilun su kama lokaci ɗaya ba. Sabuwar fulastar siminti tana son kamar mako huɗu kafin a ɗora mata fenti. Bangon da ake son rushewa don a faɗaɗa falo kuwa, injiniya ne zai ce ko yana ɗauke da nauyin ginin, ba mai aikin da ya ce "ai mun saba yi" ba. Tsohon gida yana da nasa tarkon: Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978, wasu ƙasashen sun jima bayan haka kafin su hana, don haka kada a goge tsohon fenti da samfefa a bushe a ɗakin da yara ke shiga.

In falonka ya tsallake waɗannan uku, to matsalarsa ba ta gini ba ce. Galibi ta ido ce, da kunne, da inda jiki ke sauka.

Sabon silin ko ƙarin fitilu

Nan ne mutane suka fi zuba kuɗi su kuma fi yin da-na-sani. Silin na POP ko na allon jifsam yana da amfaninsa: yana ɓoye waya, yana rufe rufin da ya yi muni, yana ba da damar sa siririyar fitila a lungu ta haska sama haskenta ya dawo a tausashe. Amma yana cin santimita 10 zuwa 20 na tsayin ɗaki. A ɗakin da tsayinsa mita 3 ne ba a ji. A wanda bai wuce mita 2.4 ba, sai mutum ya ji rufin yana danne shi, in akwai fanka kuma abin ya ƙara muni. Sannan akwai jarabar da ke biyo shi, wato a huda shi a jera ƙananan ƙwayaye goma sha biyu masu farin haske, duk suna kallon ƙasa. Ranar da aka kunna, falo ya koma kamar ɗakin jira na asibiti. Haske daga sama kai-tsaye yana sa inuwa ƙarƙashin idon mutum, ya haska tsakiyar daɓe inda ba kowa, ya bar bango a duhu.

Ɗayar hanyar ba ta buƙatar tsani. Fitila uku ko huɗu ne a tsayi daban-daban: doguwa mai tsayuwa a bayan kujera, gajeriya a kan ƙaramin tebur, wata a kan kanta tana haska bango. Kowace da hularta ta yadi ko takarda, don kada ido ya haɗu da ƙwan tsirara. Da dare a kashe ta sama a bar waɗannan. Ɗakin da ka sani shekara da shekaru sai ka ga ya canza kama.

Sai dai nau'in ƙwan shi ne rabin aikin, kuma duk bayaninsa yana jikin kwali. Lamba mai harafin K a ƙarshe ita ke faɗin launin haske. 2700K haske ne mai ruwan ɗorawa, irin na tsohon ƙwai mai zare. 3000K ya ɗan fi fari. 4000K fari ne sosai, na ofis da kicin. 6500K kuwa har shuɗi-shuɗi yake yi, kuma shi ne ke korar mutum daga falo ba tare da ya san dalili ba. Banda haka, haske mai yawan shuɗi da dare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke shirya jiki barci. Ga falo, 2700K zuwa 3000K ne wurin tsayawa, kuma kada a gauraya, domin ƙwai mai ɗorawa kusa da fari fat yana sa duka biyun su yi muni.

Ƙarfin haske da lumen ake auna shi, ba da wat ba. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kamar lumen 800, ƙwan LED kuma yana ba da hakan da wat 8 zuwa 10. Fitilar gefe lumen 400 zuwa 500 ya ishe ta. Lamba ta uku, CRI, ita ce ba a cika kula da ita ba: tana nuna yadda ƙwan ke fito da ainihin launin abubuwa. 80 shi ne gama-gari, 90 ko sama da haka shi ke sa jan kafet ya fito ja, fuskar mutum ta fito da jini a jika. Wanda zai sa makunni mai rage haske ya tabbata an rubuta a kwalin ƙwan cewa yana karɓar hakan, in ba haka ba zai dinga ƙyafta ido yana zuzu.

Ba na cewa farin haske ba shi da rana. Mai karatu ko ɗinki a falo, musamman dattijo wanda idonsa ke buƙatar haske ninki biyu ko fiye na matashi, ya samu fitila ɗaya mai ƙarfi kusa da kujerarsa, da makunninta daban.

Daɓe, da abin da kunne ke ji

Akwai falon da komai nasa mai tsada ne amma in an yi magana sai ta dawo, in cokali ya faɗi sai kowa ya zabura. Ido bai ga laifi ba, kunne ne ya ƙi. A 1895 jami'ar Harvard ta damƙa wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, wani ɗakin lacca da ba a jin maganar malami a ciki, domin kalma ɗaya takan yi sama da daƙiƙa biyar tana yawo kafin ta mutu. Shi da mataimakansa suka dinga kwaso kushin na kujeru daga wani zauren da dare, suna ƙarawa suna ragewa, suna auna lokacin da amon ke ɗauka. Abin da ya gano shi ne tushen ilimin amon ɗaki har yau: gwargwadon yawan abu mai laushi a ɗaki, gwargwadon saurin mutuwar amsa-kuwwa. Falo mai kaya daidai, amon yakan mutu cikin kamar rabin daƙiƙa.

Da wannan a zuciya, zaɓin daɓe ya zo da sauƙi. Tayil ya fi kowa juriya, ba ya tsoron ruwa, gogewa ɗaya ya fita fes, a wuri mai zafi kuma sanyinsa ni'ima ne. Amma shi ne sarkin amsa-kuwwa, kuma sauya shi aikin fasa ne da ƙura. Laminet yana da kamannin katako da ɗumin ƙafa, ana kuma shimfiɗa shi a kan tsohon daɓe in ya daidaita. Rauninsa ruwa: cikinsa matsattsen garin katako ne, in ruwa ya kwana a gaɓarsa zai kumbura, ba ya kuma komawa. Mai sa shi ya bar shi kwana biyu a ɗakin kafin a fara, ya bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a gindin bango don ya samu wurin motsi, ya duba makin jure takawa, AC3 ko AC4, a kwali. Akwai kuma allunan roba masu maƙalewa da juna, da ake sayarwa da sunan SPC, waɗanda ba ruwansu da jiƙa, sun dace da gida mai ƙananan yara. Kafet na bango-zuwa-bango ya fi duka shiru da laushi, sai dai duk ƙurar da ta shiga ta samu gida, mai asma zai gaya maka.

Da ni za a tambaya, in daɓen lafiyarsa ƙalau ko da launinsa ya gundure ka, bar shi, ka sayi babban kafet na tsakiya. Yana shanye amo, yana rufe yawancin abin da ba ka so, ana kuma naɗe shi a fitar a kakkaɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙarami. Mai santimita 120 da 170 a tsakiyar falo, kujeru na kewaye da shi daga nesa ba wadda ta taɓa shi, sai ya sa ɗakin ya ƙara watsewa. Ƙa'idar ita ce ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa. Ƙaramin falo 160 da 230, matsakaici 200 da 300. Tsakanin ƙaramin kafet mai tsada da babba mai sauƙin kuɗi, babban zan ɗauka.

Labule ma a wannan sahun yake. Faɗin yadinsa ya ninka na taga sau biyu don ya yi tattara, sandarsa ta hau sama da taga da santimita 10 zuwa 15, ta kuma zarce gefe da gefe, ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Makafin taga, wato labulen falle-falle na roba ko na ƙarfe, sun fi shi sauƙin gogewa da cin ƙaramin wuri, amma ba abin da suke yi wa amo.

Fenti ko takardar bango

A canza ƙwayayen fitila tukuna, sannan a zaɓi launi. Fentin da ya yi kyau ƙarƙashin farin hasken shago zai iya komawa wani abu daban ƙarƙashin 2700K. A sayi ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin rabin mita a bango biyu, a duba da safe, da rana, da dare.

Lissafin ba wuya. Lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya. Falo mai mita 4 da 5, tsayi 2.7, in an cire ƙofa da tagogi, bangonsa ya kai murabba'in mita 42 ko kusa, shafa biyu ke nan kamar lita 8. Fenti marar sheƙi yana ɓoye tudu da kwarin bango, yana kuma tausasa haske, amma hannun yara yana barin tabo a kansa. Mai ɗan sheƙi kaɗan yana goguwa da jiƙaƙƙen tsumma, sai dai yana tona duk inda magini ya yi ganganci. Mai ƙyalli sosai a bar wa ƙofa da firam.

Takardar bango tana ba da zane da kaurin gani da fenti ba zai iya ba. Amma ba ta yafiya: bango ya zama santsi kuma busasshe, in ba haka ba gaɓoɓinta su buɗe, fumfuna ta yi gida a bayanta. Naɗi ɗaya yawanci faɗinsa santimita 53 ne, tsayi mita 10. Bango ɗaya mai mita 4 zai ci naɗi uku, ko huɗu in zanen manya ne, ɗaki duka kuwa ya haura goma. A saya lokaci ɗaya, masu lambar bugu ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu. In ka gaji da fenti, kwana biyu ka sake shi. In ka gaji da takarda, sai jiƙawa da kankara. Shi ya sa na fi son a ba ta bango ɗaya, wanda ke bayan doguwar kujera, sauran a bar wa fenti.

Kujera

Nan ne araha ba ta ado, domin ita ce jiki ke taɓawa kullum. Kafin a yanke shawarar sayen sabuwa, a gwada tsohuwar. Kama ƙafar gaba ɗaya ka ɗaga ta kamar santimita 15. In ɗayar ƙafar gaban ta biyo ta sama, katakon ciki yana da ƙarfi, sabon soso da sabon yadi kawai take so, kuma kafinta zai mayar da ita yadda kake so. In ta tsaya a ƙasa kujerar ta murɗe, ta gama aiki. Wannan gwajin a yi wa ta shago ma.

Soso mai nauyin kilo 30 zuwa 35 a kowace mita kubik shi ke riƙe zama, wanda bai kai haka ba da wuri yake lotsawa. Yadin kujera yana da makin jure gogayya da ake kira Martindale: 15,000 zuwa 25,000 ya isa zaman gida, gida mai yara da baƙi ya nemi 30,000. Fata ta gaske tana daɗewa tana ƙara kyau, amma tana manne wa jiki in ana zafi. Fatar roba kyan ɗan maciji ce, bayan 'yan shekaru ta fara ɓarewa tana bin tufafin baƙi, kuma ba ta gyaruwa. Yadi mai rigar da ake zuge zif a cire a wanke ya fi su kwanciyar hankali.

Mai siffar L ta fi daɗin miƙe ƙafa da kallon talabijin, tana kuma cinye kusurwa ba asara. Amma ta ƙulle ka da tsari ɗaya, kuma mutanen da ba su saba da juna ba ba sa son zama kafaɗa da kafaɗa. Doguwa ɗaya da ƙanana biyu sun fi dacewa da hira, ana juya su yadda aka ga dama, in an tashi daga gida ma sun fi shiga sabon wuri. Kowacce aka zaɓa, a daina jera kujeru a jikin bango ana barin fili a tsakiya. In tazarar masu hira ta wuce mita biyu da rabi sai an ɗaga murya. A matso da su, a bar santimita 40 zuwa 45 tsakanin kujera da teburin tsakiya, da hanyar wucewa ta santimita 75 zuwa 90. Talabijin mai inci 55 tana son mai kallo ya zauna tsakanin mita 1.7 da 2.2, tsakiyarta daidai idon wanda ke zaune, ba can sama kusa da silin ba.

Abin da ke sa ɗaki ya zama naka

Wannan ɓangaren ba birkila a ciki. Saitin da aka sayo gaba ɗaya, kujera da tebur da kanta da hoton bango duk launi ɗaya, yana da sauƙi kuma ba ya kunyata mutum. Sai dai maƙwabcinka ma zai iya sayen irinsa gobe. Kayan da aka tara a hankali, agogon da aka gada, littattafan da aka karanta har suka yi laushi, zanen da yaro ya yi aka sa masa firam, su ne ba a samu a shago. Haɗarinsu tarkace. Kanta a buɗe tana nuna su, tana kuma tara ƙura tana neman shiri kullum. Kabad mai murfi yana haɗiye caja da rimot da kayan wasa. A haɗa biyun: ƙasa a rufe, sama a buɗe, kuma a bar wani sashe na kantar wayam.

Hoto a rataye shi tsakiyarsa na santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, kamar yadda gidajen nune-nune suke yi. Yawancin mutane sama suke kai shi. Shuka a tukunya kuwa a ajiye ta don tana faranta ido, ba don tace iska ba. Binciken hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, na 1989 da ake yawan kafa hujja da shi a rufaffun akwatuna aka yi shi, kuma wani nazari na jami'ar Drexel a 2019 ya nuna sai an jera shuke-shuke 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su yi abin da shigar iska ta yau da kullum ke yi a gini.

Ga ɗan haya, zaɓin ya riga ya yanke kansa: fitila, kafet, labule da kujera duk suna binsa in ya tashi, tayil da silin kuwa kyauta ce ya yi wa mai gida. Fenti ma ya nemi izini tukuna. Mai gidan kansa da ke da ƙarfin babban aiki ɗaya tak, ya ba wa waya da ƙarin soket, domin duk sauran a kansu za su rataya. Kafin ya biya kuɗin sabuwar kujera kuma, ya zana girmanta a daɓe da salatif ɗin takarda, ya yi 'yan kwanaki yana zagaya zanen ya ga ko hanya ta toshe, sannan ya auna faɗin ƙofar shiga da kwanar matakala.